Wa Ya Ce Binciken Tsamin Baki Ɓata Lokaci Ne?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, daga masu digiri har waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, wai tsamin bakin yaro ba lalura ba ce, in ya girma zai bari. A kan wannan magana aka ɗora wata da ta fi ta muni, ta raina malamin jami'ar da ya ba da rayuwarsa ga binciken yadda za a gyara furucin yara. Sai ka ji ana cewa duniya na fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da sankara, shi kuwa ya duƙufa shekara talatin yana sauraron yadda ɗan shekara huɗu ke kiran kare "tare". Ni ban yarda da maganganun nan biyu ba, kuma ga dalilaina.

Masu cewa yaro zai bari suna da rabin gaskiya, sai dai ba su san inda ta tsaya ba. A shekarar 2018, Sharynne McLeod ta Jami'ar Charles Sturt a Ostireliya, ita da Kathryn Crowe, sun tattara nazarce-nazarce 64 da suka shafi yara sama da 26,000 masu magana da harsuna 27. Sun gano cewa kafin yaro ya wuce shekara 5, yakan furta aƙalla kashi 93 cikin ɗari na baƙaƙen harshensa daidai. Ashe hujjar da ake jifan mai bincike da ita, daga hannunsa ta fito. Kuma hujjar ta zo da iyaka. In yaro ya kai shekara 6 ko 7 amma uwarsa kaɗai ke gane abin da yake faɗi, to lokacin jira ya wuce. A 1999 Lawrence Shriberg na Jami'ar Wisconsin da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 3.8 cikin ɗari na 'yan shekara 6 a Amurka suna da jinkirin furuci. In aka ɗauki wannan a matsayin ma'auni, ajin da ke da ɗalibai 50 zai ƙunshi irin waɗannan yara kusan biyu.

Abin da yaran nan ke rasawa ya wuce daɗin lafazi. Yaron da duk ya buɗe baki sai aji ya fashe da dariya, nan da nan yake koyon rufe bakin. Ba ya tambaya, ba ya amsawa, malami ya sa shi a layin daƙiƙai alhali kansa na ja. Sannan karatun boko da na allo duka sun dogara ne ga haɗa harafi da sauti. Wanda sautuka suka cakuɗe a kansa, ya fi sauran yara fuskantar tuntuɓe wajen karatu da rubutu, musamman in matsalar ta raka shi har shekarun fara makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan karin maganar ba ta yi ƙari ba ko kaɗan.

To, me masu binciken suka tsinana? A 1939 Charles Van Riper, wani malami a jihar Michigan ta Amurka wanda shi kansa ya yi fama da in'ina, ya fitar da littafin da ya zama ginshiƙin wannan fanni. Hanyarsa ita ce a horar da kunnen yaro ya gane sautin, sannan ya furta shi shi kaɗai, sannan cikin gaɓa, cikin kalma, cikin jimla, har cikin hira. An daɗe ana bin wannan hanya, sauti ɗaya bayan ɗaya. A 1976 David Ingram ya jawo hankali ga cewa kurakuran yara suna da tsari. Yaron da ke cewa "tare" maimakon kare, ya ce "dida" maimakon gida, kuskure guda yake yi: yana ɗauko sautin da ake yi a can bayan baki, wajen hanɗa, ya dawo da shi gaba, wajen hanƙa. In aka gyara ƙa'idar, kalmomi masu yawa za su miƙe tare.

Wadda aikinta ya fi ba ni hujja ita ce Barbara Dodd, 'yar Ostireliya, wadda ta koyar a Jami'ar Queensland da Jami'ar Newcastle ta Ingila. Tun cikin shekarun 1970 take wannan fage, inda ta fara da furucin yara kurame da yadda ido ke taimakon kunne wajen fahimtar magana. Tambayar da ta riƙe shekara da shekaru gajera ce: me ya sa magani ɗaya zai yi wa wannan yaro aiki, ya ƙi yi wa wancan? Amsar da ta bayar a littafinta na 1995 ita ce abin da muke yi wa kuɗin goro da suna ɗaya, iri-iri ne. Akwai yaron da harshensa ne kawai bai iya sarrafa wani sauti ba. Akwai wanda ke bin hanyar da kowane yaro ke bi, amma an bar shi a baya. Akwai wanda ya ƙirƙiri baƙuwar ƙa'ida tasa, yana bin ta kullum. Akwai kuma wanda kalma ɗaya yau zai faɗe ta haka, anjima ya faɗe ta daban. Banda waɗannan, akwai ƙalilan da ƙwaƙwalwarsu ke shan wuya wajen tsara motsin leɓe da harshe.

Ba ta tsaya ga rarrabawa a takarda ba. Ta fito da gwaji mai sauƙi: a nuna wa yaro hotuna 25 ya faɗi sunayensu sau uku a zama ɗaya, da ɗan hutu a tsakani. In kashi 40 cikin ɗari ko fiye na kalmomin suka fito a siffofi mabambanta, yaron yana cikin rukuni na huɗu. A garin Middlesbrough na Ingila, ita da Jan Broomfield sun duba yara 320 da aka kawo asibiti saboda matsalar furuci, suka samu fiye da rabi jinkiri ne kawai, kimanin ɗaya cikin biyar masu baƙuwar ƙa'ida ne, kusan ɗaya cikin goma kuwa masu sauya furuci ne. Ga waɗannan na ƙarshe ta tsara magani na daban: iyaye da malami da yaron kansa su zaɓi kalmomin da ya fi bukata a rayuwarsa, kamar sunayen 'yan gida da abinci da banɗaki, a riƙa ɗaukar kaɗan duk mako, a koya masa ya tsaya ga furuci guda ko da bai cika daidai ba. A 2005, tare da Sharon Crosbie da Alison Holm, an gwada hanyoyi biyu a kan yara 18. Masu sauya furuci sun fi samun ci gaba da wannan hanya, masu baƙuwar ƙa'ida kuwa sun fi amfana da hanyar gwama kalmomi biyu da sauti ɗaya ya raba.

Wannan shi ne abin da ake kira ɓata lokaci. Da ba a yi shi ba, da har yau ana ɗura wa yaro maganin da ba na ciwonsa ba, in ya ƙi warkewa a ce taurin kai gare shi.

Masu cewa akwai cututtukan da suka fi wannan kisa, ban musa ba. Amma yaushe aka ce a rufe sashen haƙori saboda akwai na tiyata? Wanda aka ceto daga ƙyanda da tamowa, rayuwa zai yi, kuma da baki zai yi ta, a kasuwa da kotu da wurin neman aure. Maganar tsada ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Broomfield da Dodd sun yi wani gwaji da yara 730 masu matsalolin magana, suka nuna cewa horon da bai wuce kimanin awa shida ba cikin wata shida ya kawo ci gaban da ya zarce na yaran da aka bari suna jira. Kayan aikin kuwa hotuna ne da kunne mai horo da haƙuri.

Akwai kuma waɗanda za su ce tunda Turawa sun gama binciken, sai mu ɗauko mu yi aiki da shi. Dodd da kanta ta rushe wannan tunani. Ta yi aiki da Lydia So a kan yaran Hon Kon masu harshen Kantonis, ta yi da Zhu Hua a kan yaran Sin masu harshen Mandarin, aka ga kowane harshe da jerin da yaransa ke bi, kuma karin sauti na cikin abubuwan da yaran ke fara kamawa. Cikin harsuna 27 da McLeod da Crowe suka tattara akwai Suwahili, babu Hausa. Alhali Hausa na da abubuwan da gwajin Ingilishi ba zai taɓa gani ba. Muna da ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y. Muna da ra-gare da ra-kaɗe, waɗanda suka raba barar almajiri da baran gida. Tsawon wasali ya raba garin tuwo da garin Kano, karin sauti ya raba kukan jariri da miyar kuka. Yaron da ya kasa bambance kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, yana da matsalar da Bature ba shi da awonta. A ɗaya gefen, Basakkwacen yaro da ya ce "ɗiya" ko "hwari" lafiyarsa lau, karin harshen gidansu yake yi. Gwajin aro zai iya wanke mai lalura, ya kama mai lafiya.

Inda babu ilimi, al'ada ce ke cike gurbi. Shi ya sa ake kai yaro wajen wanzami a yanke masa linzami, alhali mafi yawan masu wannan matsala ba a samun wani aibi a halittar bakinsu. Wani kuma kunnensa ne ke ruwa, ba ya jin sautin sosai balle ya maimaita, amma maimakon a auna jinsa sai a bi shi da tsawa da bulala da kwaikwayo.

Laifin da na fi gani yana wuyan jami'o'inmu. Masana harshe a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai sun yi aiki mai kyau wajen bayyana tsarin sautin Hausar manya, tubalin yana nan a ajiye. Abin da ya rage shi ne a samu masu zama da yara, gida-gida, su rubuta shekarun da Bahaushen yaro ke kama kowane sauti, su fitar da gwaji da hotunan abin da ya sani, su gwada magani su auna sakamako. Aiki ne na shekaru, kuma tsarin ƙarin girman da ke ƙirga yawan takardu ba ya ƙaunar mai tafiyar hawainiya. Matashin malamin da ya zaɓi wannan hanya ya cancanci kuɗin bincike da ɗalibai da haɗin gwiwar asibitocin koyarwa, domin yaran da zai yi wa aiki suna nan zaune a bayan azuzuwanmu, sun san amsa, suna tsoron ɗaga hannu.