Motocin Haya Na Manhaja: Fasinjan Abuja Ya Cancanci Fiye Da Haka

Lokacin da Uber ya fara aiki a Abuja a 2016, Bolt da inDrive suka biyo baya, mazauna birnin sun samu sauƙin da suka daɗe suna nema. Tun 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari, motocin bas ba su wadatar ba, ga kuma 'yan "One Chance" da ke ɗaukar mutane a bakin titi su yi musu fashi. Abu biyu manhaja ta yi wa jama'a alkawari: sanin kuɗin mota kafin a shiga, da sanin wanda ke riƙe da sitiyari.

Yau duka biyun suna zubewa. Fasinja zai kira mota daga Wuse zuwa Kubwa, direba ya bugo waya ya ce kuɗin da manhaja ta nuna ba zai kai shi ba: ko a ƙara, ko a soke tafiyar a biya shi a hannu. Duk wanda ya yarda ya soke, ya fita daga rajistar kamfanin ke nan. Babu taswirar da iyalinsa za su bi sawunsa, babu maɓallin neman agaji, babu inda zai kai kuka idan an ci mutuncinsa. Ba shi da maraba da wanda ya tare mota a Berger da tsakar dare.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Kayan gyara sun yi tsada, kamfani na yankar kasonsa a kowace tafiya, kuma direbobi da dama motar wani suke ja, suna kai balas duk mako. Wasunsu ma sun rasa rayukansu a hannun ɓarayin da suka zo da sunan fasinjoji. Direban da ke lissafin asara ba zai kunna na'urar sanyaya mota ba, balle ya sakar wa fasinja fuska.

Don haka gyaran daga farashi zai fara. Ya kamata kamfanoni su riƙa daidaita kuɗin mota da farashin mai a fili, su rage kasonsu, su zauna da ƙungiyar direbobi ta AUATON kafin yanke hukunci. Idan an yi wannan, sai a hukunta duk direban da ya nemi a soke tafiya.

A tantance direba da fasinja duka da lambar NIN, a kuma toshe hayar asusu, inda hoton wani ke kan waya, wani dabam ke tuƙi. A buɗe ofishin ƙorafi a Abuja, mai ɗan Adam da zai amsa waya, har da Hausa. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye da Hukumar Babban Birnin Tarayya su gindaya waɗannan a matsayin sharaɗin yin aiki.

Fasinja ma na da nasa: ya duba lambar mota kafin ya shiga, ya tura bayanin tafiyarsa ga na gida, kada kuma ya sayar da tsaronsa saboda rangwamen Naira 500.