Sharhi: Darasin gubar dalma ga ma'aikatan jinya a wuraren aiki

A watan Disambar 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa Jihar Zamfara tun 2019. An yi ta tafka muhawara kan tsaro da kuɗin shiga, amma ba a cika tambayar wanda zai sa ido kan lafiyar masu haƙar da iyalansu ba.

Tarihi ya nuna muhimmancin wannan tambaya. A 2010 yara suka riƙa mutuwa bayan jijjiga a ƙauyukan Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, cututtukan da aka saba gani a yankin. Da magani ya ƙi ci, jami'an ƙungiyar likitoci ta MSF suka aika jini gwaji, sai ga dalma mai yawan gaske. An ƙiyasta cewa kimanin yara 400 suka rasu.

Abin da ya fito da girman annobar shi ne ƙidaya. Masu bincike sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suna tambayar yara nawa ke gidan, nawa suka rasu, da kuma sana'ar da ake yi a ciki. Sun gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Kusan biyu cikin uku na gidajen kuwa ana sarrafa duwatsun zinare a tsakar gida, inda yara ke rarrafe cikin ƙura.

Wannan shi ne ilimin bin diddigin cututtuka: sanin wa ya kamu, a ina, yaushe, kuma cikin mutum nawa. Ma'aikaciyar jinya a kamfanin siminti, masaƙa ko majema tana buƙatarsa. Idan mutum goma suka zo da tari, adadin ba ya faɗin komai sai an san ko daga cikin ashirin suke ko dubu, an kuma kwatanta masu aiki cikin ƙura da na ofis.

Akwai tarkon da ya kamata a kiyaye. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa yakan bar aiki ya koma gida, don haka binciken da ya tsaya kan waɗanda ke bakin aiki zai nuna kamar kowa lafiya lau. Haka kuma gubar kan bi tufafin uba ta isa ga ɗansa, wanda sunansa ba ya cikin rajistar kamfani.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta amince da cututtukan da aiki ke jawowa, sai dai ba a samun diyya sai da hujja, hujjar kuwa daga rubutaccen bayani take fitowa. Masu haƙar gargajiya ba su da asibitin kamfani. Cibiyar lafiya ta matakin farko ce madogararsu.

A 2015 annobar ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28. Saboda haka ya kamata a horar da ma'aikatan jinya na yankunan haƙa su riƙa rubuta sana'ar majinyaci da ta mutanen gidansa, su kai rahoto da zarar sun ga cuta iri ɗaya tana maimaituwa.