Gargaɗi Ga Mai Ɗaukar Shawarar Abokinsa Ya Kafa Sana'a Shi Kaɗai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani tun da aka buɗe shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma kafa babban injin casa a Argungu a 2017, samari sun himmatu ga fatauci. Abokai biyu sukan ƙulla shawarar sayen injin casa, sai ɗaya ya samu jari ya buɗe shi kaɗai. Shin wanda aka bari yana da haƙƙi?

Jawabi shi ne, in zance ne kawai ya gudana tsakaninsu, alƙali ba ya da abin hukunta masa. Tarayya a mazhabar Imamu Malik tana tsayuwa da dukiya ko da aikin jiki. Ƙiradi kuwa kuɗi ne daga ɗaya, aiki daga ɗaya, riba bisa kaso sananne. Zance bai zama jari ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ba ta tsare tunanin da ke cikin zuciya.

Amma kada mai wayo ya yi murna. Mashhurin zance a mazhabarmu shi ne, wanda ya yi alkawari har ɗan'uwansa ya shiga ɗawainiya dominsa, ana tilasta masa cikawa. In abokinka ya sayar da sansa ko ya kama hayar shago bisa maganarka, to ka ɗauki nauyi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Kuwait a 1988 ta tabbatar cewa sunan ciniki da ƙirƙira haƙƙi ne, cin su haramun ne. A Amurka ma, abokan karatun Mark Zuckerberg sun kai shi ƙara a 2004 cewa ya ɗauki shawararsu ya kafa Facebook, aka yi sulhu a 2008 bisa dala miliyan 65. Ko da alƙali ya sallame ka, abin da aka faɗa maka a asirce amana ce, za a tambaye ka ita ranar hisabi.

Wani zai ce, in abokina malalaci ne, sai in zauna jiransa har abada? A'a. Tafi gare shi da shaidu biyu adilai, ka ce ga niyyarka, ka miƙa masa kaso, ka yanka masa ajali. In ya shiga, ku rubuta jarin kowa da rabon riba da hukuncin hasara tun ba a sayi komi ba, domin aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. In ya janye, nemi yafewarsa gaban shaidun nan, sannan ka kama sana'arka da halal.

Allah ne mafi sani. Allah Ya tsare mu da cin amana, amin.