Lambar Bugu Alkawari Ce

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma ta hannun dama. Kafin wannan rana, direban da ya ɗauko kaya daga Gumel, in ya ƙetare iyaka a Maigatari ya nufi Damagaram, tilas ya sauya gefen hanya, domin Nijar ta dama take tuƙi. Canjin yana da amfani, yana kuma da haɗari. Saboda haka aka tsai da rana, aka yi ta shela tun da sauran lokaci.

Irin wannan canji yana aukuwa kullum a fagen kwamfuta. Mai rubuta manhaja ba ya fara kome daga tushe. Yakan ɗauko umarnin da waɗansu suka riga suka rubuta suka tara wuri guda, watau rumbun manhaja, kamar yadda magini ke sayen bulo a wajen masu buga shi. Masu rumbun kuwa ba su daina gyara shi. Idan gyaran ya taɓa yadda wani umarni ke aiki, manhajar da ta dogara da tsohon tsari za ta tsaya cik, ko kuma ta ci gaba tana ba da amsar da ba daidai ba, wanda ya fi muni.

Domin maganin wannan ne Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya tsara ƙa'idar ba kowane bugu na rumbu lamba mai kashi uku, alal misali 2.4.1. In kuskure kaɗai aka gyara, sai a ɗaga lambar ƙarshe. In an yi ƙarin da bai taɓa aikin da ke tafiya ba, a ɗaga ta tsakiya. In kuwa canjin zai rusa aikin da aka gina a baya, wajibi ne a ɗaga ta farko, sauran su koma sifiri, a sami 3.0.0. Ke nan lambar alkawari ce tsakanin mai rumbu da mai amfani da shi, kuma wanda ya rusa aikin jama'a ya ɓoye rusawar a ƙarƙashin ƙaramar lamba ya ci amana.

Waɗansu na ganin bai kamata a yi canji mai rusawa ba ko kaɗan. Tarihin Python, harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi, ya nuna raunin wannan ra'ayi. A bugu na 2, in an raba 7 gida 2 amsa 3 ce, an yar da ragowa. Bugu da ƙari, in an ce ya ƙirga haruffan kalmar "ƙasa", biyar zai ce, domin harafin ƙ gurbi biyu yake ci a ma'ajiyar kwamfuta. Bugu na 3, wanda ya fito a Disamba 2008, yana ba da 3.5, yana kuma ƙirga huɗu. Da an ji tsoron rusawa, da mai rubutu da Hausa yana nan yana fama da haruffa masu lanƙwasa.

Sai dai shela kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da wa'adi. Masu Python sun ci gaba da kula da bugu na 2 har zuwa 1 ga Janairu, 2020, shekara goma sha ɗaya ke nan. A gwada wannan da canjin kuɗi: Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ranar 15 ga Disamba, 2022, ya ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya ya ƙara kwana goma. Tsabar kuɗi ta yi wuya, kasuwannin da ciniki ke tafiya hannu da hannu, irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, suka ji a jikinsu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki tare da sababbin.

Darasin ya shafi aji kai tsaye. Malamin da ke koyar da kwamfuta a Gagarawa ko Sule Tankarkar zai iya riƙe littafin da aka rubuta don bugu na 2, alhali na 3 ne a kan na'urar makaranta. Ɗalibi ya sami 3.5, littafi ya ce 3, a soke masa amsa ba shi da laifi, wataƙila ma ya yanke ƙauna daga fannin baki ɗaya. Ya kamata malami ya duba lambar bugu kafin ya shiga aji, ya rubuta ta a allo. Ɗalibi kuma ya saba rubuta ta a saman kowane aikinsa, domin wanda zai gaji aikin bayan shekara biyar ya san da wane mudu aka yi awo. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.