HIRAR WATA: Olive, ashe sunanka Tsubasa

Hirar wannan wata ta yara ce, da abin da suke kallo. Wanda ke da ɗa ko jika a gida ya daure ya karanta har ƙarshe. Akwai sunayen baƙi a ciki, a bi su sannu sannu.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan kasuwar Baleyara ta watse, na iske ɗan wana zaune gindin katanga da wayar babansa. Shekarunsa 12. Na leƙa, sai na ga wani yaro na zane yana gudu da ƙwallo. Raina ya yi fari. Na ce: "Kai, ga Olive!" Yaron ya ɗaga kai ya ce: "Baba, wane ne Olive? Wannan ai Tsubasa ne." Munka yi ta gardama har magariba. Shi ke da gaskiya. Amma ni ma ina da tawa, ku saurara.

Wajen shekarar 2000 ina ɗan lakkwal. A bayan kasuwa akwai wata rumfar zana da muke ce ma gidan kallo. Telebijin guda, bidiyo guda, injin wuta yana ƙara a waje, da benci uku. Wanda bai samu benci ba ya zauna ƙasa. Da dare manya ke shiga, su ga fim ɗin Indiya ko na karate. Da la'asar namu ne. A lokacin ake sa zane mai motsi, wanda muke kira desan anime da bakin Faransanci. Kuɗin shiga dala biyar. Ranar Lahadi muke nemo su. Mu riƙe ma mai saye igiyar tunkiya, ko mu kai ma fatake ruwa. Kaset ɗin daga Yamai suke zuwa cikin motar kasuwa, tafiyar kusan kilomita 100. Ba su zuwa a jere. Yau mu ga ƙarshen wasa, wani mako mu ga farkonsa.

Faransancinmu bai taka kara ya karya ba. Ni ma iyakata firamare. Amma akwai wani saurayi da ya yi kwaleji a Filinge ya dawo gida. Muna ce mashi Tafinta. Shi ba ya biyan kuɗin shiga. Yakan tsaya gefen telebijin da karan dawa a hannu, yana nuni yana fassara. Ya faɗa da Hausa, ya juya ya faɗa da Zabarmanci. In ya gaji ya ce sai an saya mashi ƙosai.

A bakinsa munka san Olive da Tom. Olive mai cin raga, Tom mai tsaron gida. Filin ƙwallonsu ba ya ƙarewa. Olive ya ɗauko ƙwallo, ya yi ta gudu, ya yi ta tunani, kaset ya ƙare bai kai raga ba. Mukan ce da hanya ya miƙe da tuni ya kai Filinge. Amma wanda munka fi so shi ne Mark Landers, abokin adawarsa, mai naɗe hannun riga, mai bugun damisa. Babansa ya rasu, yana aikin ƙarfi don ya taimaki uwarsa da ƙannensa. Da yawa cikinmu mun san wannan rayuwa. In mun fita daga rumfar sai filin lakkwal, da ƙwallon tsumma, kowa yana cewa shi ne Landers.

Duk zamanmu a rumfar nan mun ɗauka ƴan Faransa ne. Sunansu na Turawa, bakinsu Faransanci. Wa zai ce ba haka ba?

Daren gardamar nan, ni da yaron munka bincika cikin waya. Ga abin da munka samu. Wani mai zane ɗan ƙasar Japan, Yoichi Takahashi, shi ya fara labarin cikin mujalla a 1981. A 1983 anka mai da shi na telebijin, kashi 128. Sunan yaron Ozora Tsubasa. Mai tsaron gida sunansa Wakabayashi. Landers kuma Hyuga ne. Ƴan Italiya sunka saya, sunka raɗa masu sunayen Turawa. Daga can ya shiga Faransa a 1988, anka ƙara taɓa sunayen, ya zama Olive da Tom. Larabawa su kuma sunka ce Kaftin Majid. Shi ya sa wani abokina da ya yi ci rani a Libiya ya taɓa rantse mani cewa yaron Balarabe ne. Yaro guda, kowace ƙasa ta yanka mashi rago.

Abin da ya taɓa ni shi ne ma'anar sunan. Tsubasa da harshensu fiffike ne. Ozora kuma sararin sama. Iyayen labarin sun zaɓi sunan don yaron ya tashi sama. Da anka ce Olive, wannan ma'ana ta faɗi a hanya, ba mu taɓa jin ta ba.

Bayan suna akwai almakashi. Kun tuna Sangoku, mai gashi tsaye, wanda yara ke kwaikwayo suna haɗa tafin hannu suna ihu? Shi ma ɗan Japan ne. Mai zanensa Akira Toriyama ya rasu ranar 1 ga watan Maris 2024, yana da shekara 68. A Faransa an nuna Sangoku cikin wani shirin yara mai suna Club Dorothée, a tashar TF1. Shirin ya yi shekara goma, daga 1987 zuwa 1997. Iyaye da ƴan siyasa na can sun yi ta ƙorafi cewa faɗa da jini sun yi yawa. Sai masu shirin sunka riƙa yanke wuraren da sunka yi muni. Mu kuwa a rumfa sai mu ga an ɗaga hannu za a yi bugu, ƙiftawar ido mutum yana kwance. Mu tashi da ihu, mu ce kaset ya yi tsalle, a mai da mana dala biyar ɗinmu. Mai rumfa ya yi ta rantsuwa ba laifinsa ba ne. Allah ya yafe mana. Ashe almakashin tun Faransa ne.

Wani wurin ba su yanke hoto ba, magana sunka sake. Akwai Ken, mai faɗa da yatsa. Masu sa murya da Faransanci sun ga kisan ya yi yawa, sai sunka cika bakin mugayen da ba'a da wasan kalmomi. Akwai Nicky Larson, mai son mata. Inda ɗan Japan ya ce ɗakin masha'a, Bafaranshe ya ce gidan abinci na masu cin ganye.

Waɗanda sunka yi ƙuruciya a Najeriya, ko iyayensu sunka kai su Kano ko Legas, da Ingilishi sunka sha nasu. Su ba su da hira sai ta Voltron, zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙato guda. Tashar NTA ta nuna shi. Asalinsa na Japan ne, sunansa GoLion, na 1981. Ƴan Amurka sunka gyara shi a 1984. A na Japan ɗaya daga cikin jarumai biyar ɗin an kashe shi tun da wuri. A na Amurka anka ce rauni ya ji, an kai shi jinya. Haka sunka yi ma Sangoku a 1996: in an kashe mutum, sai a ce an tura shi wani wuri daban. Wani kamfani mai suna 4Kids ya wuce nan. Cikin One Piece akwai mai dafa abinci da ba ya rabuwa da sigari. Sunka goge sigarin, sunka zana mashi alawar tsinke. Cikin Pokémon yara suna cin dunƙulen shinkafa irin na Japan, anka ce fanke ne mai zaƙi.

To, ga nawa ganin. Yanka iri biyu ne. Cire sigari daga bakin jarumi, da rufe maganar masha'a, ban ga laifinsu ba. Uwa ma tana tankaɗe gari kafin ta dama ma yaro kunu. Amma ɓoye mutuwa ban yarda da shi ba. Ɗan makiyayi ya ga saniya ta faɗi da rani. Ɗan manomi ya raka gawa. In an ce masu jarumi ba ya mutuwa, su za su fara ganewa ƙarya ce. Wanda ya fi ɓata mani rai shi ne na shinkafa. Kamar baƙo ya ɗauki hoton furarmu ya ce ma ƴaƴansa burodi ne. Da an bar ta yadda take, da yara sun san cewa a can ƙarshen duniya akwai masu dunƙula abinci da hannu kamar mu. Sai a 2002, da anka yi gasar ƙwallon duniya a Japan da Koriya ta Kudu, wadda Senegal ta ci Faransa 1 da 0 a wasan farko, munka ga ƴan Japan na gaske suna buga ƙwallo. A rumfar nan munka gani. Ba wanda ya ce mana ƴan uwan Olive ne.

Duk da haka, da yaron ya sa mani na asali, da muryar Japan da rubutu a ƙasa, ban ji daɗinsa ba. Labarin ya fi cika, na yarda. Amma kunnena yana jiran muryar da na saba, da ƙarar injin wuta, da Tafinta. Tuwon gidan wani ko ya fi mai, na uwarka kake tunawa.

Yau rumfar babu ita. Masu tura fim cikin katin waya sun gaje ta. Fim ɗin Indiya ma da Hausa ake jin su, irin fassarar Algaita ta Kano, kuma su ma suna ƙara nasu gishiri kamar Tafinta. Amma zanen Japan da yara ke samu yanzu, da yawa ba a taɓa shi da almakashi ba. A nan nake jan kunnen iyaye. Mu mun ɗauka duk abin da anka zana na yara ne. A Japan ba haka ba ne. Suna zana na ƙanana, suna zana na samari, suna zana na manya zalla, mai jini da tsiraici. Cikin waya duka kamarsu ɗaya. A rumfa mu talatin ne ko fi, ga babba tsaye, ga mai rumfa da ke jin kunyar iyayenmu. Yanzu yaro shi kaɗai ne gindin katanga. Ban ce a ƙwace waya ba. Na ce a zauna kusa da shi ko sau ɗaya a mako, a ce ya ba da labarin abin da yake gani. Ko ba ka jin harshen, ido yana gani.

Ni na zauna, kuma na ƙaru. A nan na kama Tafinta bayan shekara ashirin da wani abu. Ya ce mana baban Olive ya tafi ci rani Abijan, shi ya sa ba a ganinsa gida. Ashe mutumin shugaban jirgin ruwa ne, yana bisa teku. Ya ce Landers tallar goro yake yi. Ashe jarida yake rabawa da asuba. Na ba ɗan wana wannan labari, ya yi dariya har ya kwanta. Da ya tashi ya ce: "Baba, to wane ne ya fi, Tsubasa ko Hyuga?" Na ce Landers. Ya ce babu mai wannan suna. Na ce a Baleyara akwai.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.