Manhaja Ba Ta Ɗaukar Kaya

A 2023 kamfanin Amazon ya raba Amurka gida 8, kowane yanki da rumbunansa, don kaya su kwana kusa da mai saye tun kafin ya yi oda. Sirrin saurin ke nan, an rage nisa. Mu masu rubuta manhaja kuwa fenti muka kwafo, muka bar ginin. Kowa ya fito da manhajar sayayya mai ɗan babur yana yawo a taswira, alhali kayan suna Legas ko Kantin Kwari.

Lissafin da ke zaɓar wurin kafa rumbu odar baya yake dubawa. Cinikin Talata Mafara kuwa a WhatsApp ake ƙulla shi, a tura kuɗi, a damƙa wa direba kaya a Kano, ya sauke su a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato. Kwamfuta ba ta ga ko ɗaya ba, sai ta ce ba kowa a nan. Manomin Bakura da injin ban-ruwansa ya tsaya yana jiran ƙarfe ɗaya, shinkafa tana bushewa.

Kada mu fake da 'yan bindiga. Hanya mai haɗari ita ta fi buƙatar kaya su zo sau ɗaya, da rana, su zauna kusa. Shago ɗaya a kasuwar Talata ya isa farawa, da rajistar abin da Mafara, Bakura da Maradun suka fi nema. Rajistar ma a ajiye kwafinta a takarda, don ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara.