Rimot ɗin mota da yadda ake tatsar mutane a kansa

Jama'a, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi farashinta a kasuwa, duk mai mota ya san inda takalmi ke matsa masa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a shekarar 2024. Ba wanda ke maganar canza mota yanzu, kowa lallaɓa tsohuwarsa yake. To a cikin wannan lallaɓawar akwai wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba, amma yana cin kuɗin mutane ba gaira ba dalili, wato rimot ɗin buɗe mota. Ni a ganina rashin sani ne ke jawo yawancin asarar, sauran kuma sakacinmu ne da na masu sana'ar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, makullin motar zamani abu biyu ne aka haɗa a gida ɗaya. Akwai rimot, mai buɗe ƙofa da kullewa, shi ne ke aiki da batir. Akwai kuma wata 'yar ƙwaya a cikin kan makullin, wani lokaci ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, wadda mota ke tantancewa kafin ta yarda ta tashi. Ita wannan ƙwayar ba ruwanta da batir. Wani zobe da ke kewaye da ramin makullin ne ke ba ta ɗan ƙarfin da take amsawa da shi. Don haka idan rimot ya daina buɗe ƙofa amma ka sa makulli mota ta tashi lafiya, duk wanda ya ce maka ƙwaƙwalwar mota ce ta samu matsala, ka riƙe aljihunka da kyau. Idan kuwa ka murɗa, injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa, ga wata 'yar fitila mai alamar makulli tana ƙyaftawa a gabanka, to nan ne ake maganar ƙwaya. Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban, kuɗinsu ma daban.

Batir shi ne na farko da ya kamata a zarga. Kafin ya mutu yana ba da sanarwa: da daga bakin get kake buɗewa, yanzu sai ka matso jikin mota, ko sai ka danna sau biyu sau uku. Batirin ɗan faifai ne mai ƙarfin bolt 3, kuma lambarsa na rubuce a jikinsa. CR2032 ya fi yawa, akwai CR2025, CR2016, CR1632, CR1616 da sauransu. Lambar ma awo ce: 2032 na nufin faɗin milimita 20, kauri 3.2, shi kuwa 2016 faɗinsu ɗaya amma rabin kaurin ne da shi. Shi ya sa idan mai shago ba shi da naka ya ba ka sirara ya cusa takarda ta tokare, yau ya yi aiki, jibi ka shiga rami da mota ya goce. Kada kuma a jera maka sirara biyu a mazaunin guda ɗaya, sai dai idan haka ka tarar da shi daga kamfani, domin bolt 6 ke nan ka ɗura wa abin da aka ƙera don 3. Kafin ka cire tsohon, ɗauki hotonsa da wayarka ka ga ina alamar + ta kalla. Sannan a guji batiran nan na kati da suka shekara a rana a kan tire. Araha ba ta ado, wallahi wani sabo ne a leda amma ya riga ya mutu, sai ka sa ka ga shiru, ka yanke hukuncin cewa rimot ɗin ne ya lalace.

A nan bari in ɗan kauce, don abin ya fi mota muhimmanci. Tsohon batirin da aka cire kada a jefar da shi a tsakar gida ko a bar shi a kan tabarma. Yaro mai rarrafe yana ganin abu mai ƙyalli sai baki. Idan ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wurin cikin kamar awa biyu, ko da batirin ya yi sanyin da ba ya iya buɗe mota. Abin ya kai Amurka ta yi doka a 2022 kan yadda za a riƙa rufe irin waɗannan batiran. Idan ana zaton yaro ya haɗiya, asibiti kai tsaye, kada a tsaya jiran ya fito da kansa.

Bayan batir sai datti da faɗuwa. Ƙurar hunturu, gumin hannu, maiƙon abinci, duk suna shiga ƙarƙashin madannai. Wani kuma a aljihun kaftani za a manta shi a jiƙa shi da omo. Idan ya sha ruwa, maza a cire batir, a buɗe, a goge fanel ɗin da sipirit da ɗan buroshi mai laushi, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a yi ta dannawa ana gwadawa yana jiƙe, nan ake ƙarasa shi. Wanda ya sha faɗuwa kuwa, sau da yawa dalmar da ta riƙe ƙafar batir ko madanni ce ta tsage. Wannan aikin yaran da ke gyaran waya a Farm Centre a Kano, ko kowace kasuwar waya, cikin 'yan mintuna za su liƙe maka shi. Hannunsu ya saba da abin da ya fi wannan ƙanƙanta.

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa, canza kwanso. Kwanson makulli ya fashe, ka sayi sabo, aka mayar da fanel da ƙarfen, aka watsar da tsohon a bola. Ka zo mota ƙofa ta buɗe, amma ta ƙi tashi. Me ya faru? A makullai da yawa, musamman na tsofaffin motoci, ƙwayar tana zaune ita kaɗai a wani ɗan lungu na kwanson, ba a jikin fanel ba. Ta tafi bola. Kada ka bar shagon, kada ka bari a yar da tsohon kwanso, sai ka tada mota da sabon.

Wani lokacin ma rimot lafiyarsa ƙalau, laifin na motar ne. Idan ƙofa uku na amsawa ɗaya ta ƙi, ɗan injin da ke cikin waccan ƙofar ne. Idan duk sun ƙi, a duba fiyus, a duba ko batirin motar ne ya yi sanyi. Idan a wuri guda kawai yake ƙi, misali kusa da wani dogon ƙarfen sadarwa, ka matsa gaba ya dawo daidai, to wani sigina ne ya danne shi. Masu safaya su suka fi kowa hutawa, gwaji ɗaya ya raba gardama. Ku kuma masu motar da ake tayarwa da dannawa, idan batirin rimot ya mutu ba ku makale ba: akwai siririn makulli a ɓoye a jikinsa na buɗe ƙofa, sannan ka taka birki ka ɗora rimot ɗin a kan maɓallin ka danna. Wasu motocin kuma rami aka yi masa na musamman. Yana cikin littafin mota, littafin da ba ma karantawa, in ma ya iso tare da motar.

Idan ta tabbata sai an sayi wani, a san cewa kama da wane ba ta wane. Motocinmu daga wurare daban suke zuwa. Wadda aka ƙera don Amurka galibi rimot ɗinta yana magana a kan mita 315, ta Turai, wadda muke kira Beljiyam, a kan 433. Corolla biyu za ka gani iri ɗaya, rimot ɗin iri ɗaya a ido, amma wannan ba zai taɓa jin yaren waccan ba. A duba lambobin da ke bayan tsohon a gwada da na wanda za a saya, ko a Ƙofar Ruwa ne, ko Panteka, ko Apo, ko Ladipo. Na hannu kuma, musamman na motoci masu dannawa, da yawa a ɗaure suke da motar farko, sai an wanke su da na'ura kafin wata motar ta karɓa. A yi ciniki a kan cewa sai ya yi aiki za a biya.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya mu yi wa juna gaskiya. Me ya sa muka yarda ana sayar mana da mota da makulli ɗaya? Mota daga kamfani da biyu take fitowa, aƙalla. Mutum zai ƙirga miliyoyi, ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa bodi yana neman fenti, ya yi rigima a kan rediyo, amma a miƙo masa makulli ɗaya tilo ya sa a aljihu yana murna. Alhali ƙara makulli lokacin da kake da mai aiki a hannu abu ne mai sauƙi, na'ura za a jona a ƙarƙashin sitiyari a gabatar wa mota da sabon. Ranar da ɗayan ya ɓace kuwa, labari ya sha bamban. A jawo mota, a nemo mai babbar na'ura, a wasu tsofaffin Toyota har sai an ciro akwatin an sake rubuta shi. Masu Toyota ma su lura, baƙin makulli shi ne uba, mai ruwan toka na yaron gida ne, yana tada mota amma ba a ƙara wani da shi cikin sauƙi. Idan mai ruwan toka kaɗai dila ya ba ka, a rage kuɗi. Sannan tambayar da ba ma yi: ɗayan yana hannun wa? Idan motar daga Kwatano ta zo, wataƙila yana can wata ƙasa a cikin durowa. Idan kuwa ta hannu ce a cikin gari, wani yana yawo da makullin motarka. Na'urar da ke ƙara makulli tana iya goge waɗanda ba sa hannunka, mota ta daina saninsu. Ka nemi a yi maka wannan ranar da ka saya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shawarar nan ta "Alhaji a cire sikiyoritin kawai a huta". Ko a ciro ƙwayar a naɗe ta da salatif a jikin zoben, don kowane yankakken ƙarfe ya tada motar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Turawa ba don ado suka sa abin nan ba, tun 1998 Jamus da Ingila suka wajabta shi a kan sababbin motoci saboda sata. Amurka ba ta wajabta ba, sai ga Kia da Hyundai sun sayar da miliyoyin motoci tsakanin 2011 da 2021 ba tare da shi ba. Da yara suka gano, suka riƙa ɗora bidiyon yadda ake tayar da su a TikTok, satar ta zama annoba a biranensu, har kamfanonin suka koma gyara da biyan diyya. Abin da ya faɗa wa waɗancan bisa kuskuren kamfani, mu kuɗi muke biya a yi mana shi da hannunmu.

Ɓarayin ma sun waye. Akwai mai tsayawa da na'urar toshe sigina a bakin kasuwa ko wurin ɗaurin aure, ka danna kana tafiya kana waya, kana zaton ta kulle, ashe a buɗe ka bar ta. Ja hannun ƙofa ka tabbatar, daƙiƙa biyu ne. Masu mota mai dannawa kuma kada a rataye makulli kusa da ƙofa ko taga da dare, don ana iya janyo siginarsa daga waje a miƙa wa motar. Gwangwani mai murfin ƙarfe ya isa, amma ka gwada: sa shi ciki ka rufe ka je jikin mota, in ta buɗe to gwangwanin bai yi ba.

Ban ce masu yanka makulli duk macuta ba ne. Na'urorinsu da dala ake saye, wasu duk shekara sai an biya kuɗin sabuntawa, kuma ilimin ba a kwana ɗaya ake samunsa ba. Wanda ya yi aikin gaske ya cancanci haƙƙinsa, mu daina raina shi don mun ga aikin bai ɗauki lokaci ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yau mutum zai kira mai na'ura ya nuna masa mota a fake ya ce makullina ya ɓace, a yi masa sabo, ba wanda ya tambaye shi ko takarda ɗaya. Wannan ƙofa ce a buɗe, kuma ba sai an jira majalisa ta yi doka ba. Ƙungiyar makanikai ta NATA da shugabannin gareji-gareji za su iya tsayar da ƙa'ida a tsakaninsu: duk aikin da babu makulli ko ɗaya a hannu, sai an ga takardun mota, an gwada lambar shasi, an ɗauki hoton katin shaidar mai neman aikin an rubuta a littafi.

Na san abin da za a ce. Takardun suna kulle a cikin motar fa? To a buɗe ƙofa a gabansa, a ciro su, a duba suna, kafin a taɓa na'ura. Manyan ɓarayi suna da nasu na'urorin fa? Haka ne, wannan ba zai hana su ba. Amma zai hana yaron gida da ya faki idon maigida, da direban da aka sallama, da wanda ya ari mota na yini ɗaya ya biya ta shago ya yi kwafi. Kuma littafin kariya ne ga shi kansa mai shagon, don ranar da 'yan sanda suka biyo sawun motar sata suka iso teburinsa, yana da suna da hoto da kwanan wata da zai buɗe ya nuna musu.